Murhun Rana na Kwali

Tambaya: Ni malamar firamare ce a Ungogo. Ina son ɗalibaina su haɗa murhun da ke girki da zafin rana. Ta ina za mu fara?

Amsa: Ki nemo kwali biyu, ƙarami cikin babba, yara su cusa ɓawon gyaɗa ko ƙaiƙayi a tsakaninsu, abin da ba ya wuya a gidajen manoman Ungogo. Shi zai hana zafi zurarewa. A rufe bakin ƙaramin da gilashi, a liƙa takardar alminiyam a marfin babban, a karkata shi yana cillo haske ciki. Tukunya kuwa lallai baƙa, domin baƙi ke shan haske ya mayar da shi zafi, gilashin ya tare shi. Da irin wannan akwati wani masanin kimiyya, Horace de Saussure, ya yi gwaji a Suwizalan a 1767.

Ki bari hazon hunturu ya wuce. Watan Maris ko Afrilu, daga hantsi zuwa azahar, ana juya akwatin yana bin rana. A fara da ƙwai ko dankali. Wake zai ƙure haƙurin yara. Gilashin da tukunyar suna ƙuna sosai, ke za ki sauke da tsumma.