Jarrabawar AP ta Ilimin Halayyar Ɗan Adam: Shiri Ba Tare da Malami Ba

Tambaya: Na shiga aji biyu na babbar sakandare a Kano, kuma burina in nemi jami'a a Amurka. An ce mini jarrabawar AP ta ilimin halayyar ɗan Adam tana cikin waɗanda mutum zai iya karanta wa kansa, ga shi makarantarmu ba ta koyar da darasin. Wata 'yar uwata ta aiko mini da tsohon littafinta na fara dubawa, sai dai da na rufe shi komai ya gudu. Don Allah ta ina zan fara?

Amsa: 'Yata, Allah ya yi miki albarka. Abin da aka faɗa miki gaskiya ne. Hukumar College Board, mai shirya jarrabawar, ba ta ce sai ɗalibi ya zauna a aji kafin ya rubuta ba, kuma darasin ba ya neman ɗakin gwaje-gwaje ko lissafi mai zurfi. Amma kafin ki ƙara buɗe littafin nan, ki fara neman kujera. Ɗalibi ba ya yi wa kansa rajista kai tsaye. Sai ta hannun makarantar da aka amince mata ta gudanar da jarrabawar, kuma ba dole ba ne makaranta ta karɓi ɗalibin waje. A watan Mayu ake rubutawa, amma tun tsakiyar Nuwamba makarantu ke miƙa sunaye, wanda ya makara kuwa sai ya biya tara. Don haka tun Satumba ki roƙi mahaifinki ko wani babba ya taya ki duba jerin makarantun a shafin hukumar, a tuntuɓi jami'in da ke kula da AP a can. Irin waɗannan makarantu ba su da yawa a Nijeriya, wataƙila sai kin yi tafiya. Kuɗin ya haura dala 100 ga mai rubutawa a wajen Amurka, ban da abin da makarantar za ta iya ɗorawa a kai.

Kin yi dace da kike aji biyu. A aji uku watan Mayu na WAEC ne, kuma ba zan so ki raba hankalinki biyu a lokacin ba, domin AP ba ta maye gurbin WAEC ko JAMB. Amfaninta shi ne ta nuna wa jami'ar can cewa kina iya karatu mai nauyin shekarar farko. Ana ba da maki daga 1 zuwa 5. Jami'o'i da dama suna yafe wa ɗalibi kwas ɗin farko idan ya ci 3, wasu sai 4 ko 5, wasu ma ba sa yafewa ko kaɗan. Ki duba ƙa'idar jami'o'in da kike hange kafin a fitar da kuɗi.

Littafin 'yar uwar taki kuma, ki duba shekararsa. An sake fasalin darasin daga zangon karatu na 2024, aka mayar da shi babi biyar: tushen hali a ƙwaƙwalwa da jiki, tunani da tunawa, girma da koyo, zamantakewa da ɗabi'ar mutum, sai lafiyar hankali da ta jiki. A da tambayoyin zaɓi 100 ne. Yanzu 75 ne cikin minti 90, su ke ɗauke da kashi biyu cikin uku na maki, sai tambayoyin rubutu biyu cikin minti 70, kuma duka a kwamfuta ake yi ta manhajar Bluebook. Tsohon littafi zai yi miki bayanin ƙwaƙwalwa daidai, amma zai horar da ke kan jarrabawar da ta riga ta wuce. Ki sauke kundin manhajar darasin daga shafin hukumar, kyauta ne, shi ne ma'aunin abin da za ki karanta da abin da za ki tsallake. Idan sabon bugun littafin David Myers ya yi tsada, littafin OpenStax na jami'ar Rice kyauta ne, ki ajiye shi a waya saboda ranar da babu data.

To, mu zo kan ainihin kukanki, cewa komai yana gudu. Ba ƙwaƙwalwarki ce ta gaza ba, kuma amsar tana cikin babi na biyu na darasin da kike karantawa. Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya auna mantuwa a kansa ta hanyar haddace gaɓoɓin da ba su da ma'ana. Ya gano cewa mafi yawan abin da zai zube yana zubewa ne da wuri, daga baya zubar ta lafa, kuma maimaitawa a rarrabe cikin kwanaki ta fi tarawa a zama ɗaya. A 2006 kuma Henry Roediger da Jeffrey Karpicke suka ba ɗalibai rubutu, wasu suka yi ta sake karantawa, wasu aka sa su rufe su rubuta abin da suka tuna. Bayan minti biyar masu sake karatu ne a gaba. Bayan mako guda sai masu gwada kansu suka wuce su nesa. Abin da ya fi damuna a binciken shi ne, masu sake karatun su ne suka fi sakankancewa za su tuna. Wannan shi ne ramin mai karatu shi kaɗai: ido ya saba da shafi, zuciya ta ce an iya, babu kuma malamin da zai tsayar da ke ya yi miki tambaya.

Ke da kika tashi a Kano kin san maganin. Almajiri ba ya wanke allo sai ya kifa shi ya kawo karatun da ka, kuma mahaddaci ba ya barin tilawar baya don ya samu sabon karatu. Haka za ki yi. Ki karanta sashe ɗaya, ki rufe littafi, ki rubuta duk abin da kika tuna a farar takarda, sannan ki buɗe ki ga inda kika yi tuntuɓe. Ki koma masa gobe, ki sake komawa bayan kwana uku ko huɗu, sai bayan mako, sai bayan wata. Minti arba'in a kullum daga Oktoba zuwa Maris ya fi kwana a zaune a watan Afrilu. Zai yi miki wuya fiye da sake karatu, wahalar kuwa ita ce alamar abin yana shiga.

Sai dai hadda kaɗai ba za ta kai ki ba, domin da wuya a ce miki kawo ma'anar kalma. Labari za a ba ki, a ce wace ƙa'ida ce ke aiki a nan. Ɗauki abin da ya fi rikita ɗalibai a aikin B. F. Skinner. Direba ya shiga mota, ta yi ta ƙara har sai ya ɗaura bel, gobe tun kafin ta yi kuka ya ɗaura. Da yawa za su ce horo ne, tunda ƙarar ba ta da daɗi. A'a, an ƙarfafa halin ne ta hanyar ɗauke abin da ya dame shi. Horo rage hali yake yi. Tambayar da za ki riƙa yi kullum ita ce: halin ya ƙaru ko ya ragu, kuma an ƙara wani abu ne ko an ɗauke? Haka yaron da ya sha allura, yanzu da ganin farar rigar ma'aikaciyar jinya sai kuka, abin da masani Pavlov ya nuna a gwajinsa na kare ne ke faruwa a asibitin unguwarku. Kowace ƙa'ida kika koya, ki nemo mata misali daga gidanku ko ajinku, ki bayyana wa ƙanwarki da Hausa. Idan ta gane, kin iya. Sunan ƙa'idar kuwa ki riƙe shi da Turanci yadda yake a kundin, don da shi za a tambaye ki.

Inda masu karatu su kaɗai suka fi zubar da maki shi ne hanyoyin bincike, saboda ba shi da daɗin labari, sai a tsallake. Alhali tambayoyin rubutun biyu a kansa suka tsaya. A ta farko za a ba ki taƙaitaccen bincike ɗaya, ki faɗi wace hanya aka bi, yaya aka auna abin da ake magana a kai, me alƙaluman ke nufi, wace ƙa'idar kare mahalarta aka kiyaye, kuma a kan su wa za a iya ɗora sakamakon. A ta biyu bincike uku za a ba ki, ki tsayar da ra'ayi, ki kare shi da hujja daga biyu, kina ambaton inda kika ɗauko, kina haɗawa da abin da kika koya.

Ki yi atisaye da shahararrun bincike. Stanley Milgram, a jami'ar Yale, ya wallafa a 1963 cewa mutum 26 cikin 40 sun bi umarni har suka danna abin da suka zaci wutar lantarki ce mai ƙarfin bolt 450 a kan wani. Kada ki tsaya a mamaki. Dukkansu maza ne daga yanki ɗaya na Amurka, to za a ɗora hukuncin a kan matan Zinder? An yaudare su kan manufar gwajin, to me ya wajaba a yi musu bayan an gama? Sannan ki kiyaye bambancin tafiya tare da haddasawa. A bazara cinikin ruwan sanyi yana ƙaruwa, sanƙarau ma yana ƙaruwa, amma ba ruwan ne ya kawo cutar ba, yanayin zafi da bushewa ne ke bayan su biyun. Gwaji ne kaɗai, wanda aka raba mutane rukuni-rukuni ta hanyar ƙuri'a, ke ba da damar cewa wannan ya haddasa wancan. Hukumar tana wallafa tambayoyin baya da ƙa'idar ba da maki da amsoshin ɗalibai na gaske. Ki fara amsawa, sannan ki gyara wa kanki ba sani ba sabo.

Abu biyu nake so ki riƙe a zuciya. Za ki haɗu da ra'ayoyin da ba su dace da tarbiyyarki ba, musamman na Freud. Jarrabawa tana tambayar abin da masani ya ce ne, ba ta neman ki yi imani da shi. Sannan idan kin kai babin lafiyar hankali, za ki fara ganin alamomin a jikinki da na 'yan gidanku. Kusan kowane ɗalibi haka yake ji. Kada ki laƙaba wa kowa cuta. Wanda kika ga yana cikin damuwa ta gaske, ki taimaka a kai shi wurin likita.

Daga Afrilu ki daina sabon karatu. Ki sauke Bluebook ki saba da ita, kuma idan hannunki bai faɗa da buga rubutu a kwamfuta ba, ki fara gyarawa tun yanzu, don minti 70 ba ya jiran mai laluben haruffa. Ki zauna cikakkiyar jarrabawar gwaji da agogo aƙalla sau biyu. Kowace tambayar zaɓi tana da kusan daƙiƙa 72, wadda ta cije ki yi mata alama ki wuce, amma kada ki bar ko ɗaya babu amsa, tunda ba a cire maki don kuskure. Daren jarrabawa ki kwanta da wuri, barci yana cikin abin da ke daidaita karatu a ƙwaƙwalwa. Ki tambayi makarantar tun da wuri irin katin shaida da na'urar da za ki zo da su. Sakamako yana fitowa a watan Yuli. Allah ya ba da sa'a.