Tsohuwar Masaƙar Saltaire Da Yadda Ta Sami Sabon Aiki

Akwai wata matsala da ta kan zo gaban Hakimi, ba kuwa a koya wa kowa maganinta a makaranta ba. Kamfani ya kan zo ya kafa masana'anta a gari, a yi shekaru ana cin abinci da ita, sa'an nan ciniki ya mutu, a kulle ƙofa, kowa ya kama gabansa. Ginin kuwa ba shi da ƙafar tafiya, yana nan jemagu na kwana a ciki. Wanda ya san unguwar Kakuri a Kaduna ya san abin da mu ke nufi, domin masaƙar farko da ta fara aiki can cikin 1957 ta tsaya cikin 2002. To, wannan darasi labarin wata masaƙa ce ta Ingila wadda ita ma ta mutu, amma ginin ya rayu. Ya kamata Hakimai da malamansu su duba ta wace hanya aka bi.

A arewacin Ingila akwai wani birni wai shi Bradford, wanda ya shahara wajen saƙar ulu, watau gashin tumaki. Cikin attajiransa akwai wani Titus Salt. Arzikinsa ya fara ne cikin 1836, sa'ad da ya tarar da waɗansu dilolin gashi a wani sito a Liverpool, ba mai sha'awar saye. Gashin alfaka ne, wata dabba ta ƙasar Peru, dangin raƙumi amma ƙarama, ba ta da tozo. Ya yi ta gwaji har ya gane yadda za a kaɗa shi a saƙa da zaren auduga, ya fito da yadi mai sheƙi kamar siliki. Kafin a jima yana da masaƙu biyar a cikin birnin.

Bradford ta wancan zamani ba wurin zama ba ce. Hayaƙi ya rufe ta, ruwan sha ya ɓaci, cikin 1849 kuma annobar amai da gudawa ta kashe mutane da yawa. Sai Salt ya ƙudura ya kwashe aikinsa duka ya kai bayan gari. Ya zaɓi wani fili kamar mil uku daga birni, a bakin kogin Aire, inda hanyar jirgin ƙasa ta ratsa, ga kuma wata hanyar ruwa da aka haƙa da hannu tun daga Leeds har Liverpool. Ya gama sunansa da na kogin, ya sa wa wurin Saltaire. Aka buɗe masaƙar ran 20 ga Satumba, 1853, ranar da ya cika shekara 50 da haihuwa.

A nan ya kamata mu ɗan dakata, domin rabin labarin yana cikin yadda aka yi ginin. Tsawonsa ƙafa 545, tsayinsa sama ƙafa 72, bangonsa duk na dutse. Ulu mai maiƙo abu ne mai saurin kama wuta, masaƙu da yawa kuwa gobara ce ta cinye su. Saboda haka injiniyan da ya tsara cikin ginin, William Fairbairn, ya guji katako iyakar ƙoƙarinsa. Ya kafa ginshiƙan ƙarfe jeri jeri, ya ɗora musu sandunan ƙarfe, tsakanin sanda da sanda kuma aka ɗaura baka da tubali, aka yi daɓe a bisa. Magininmu da ya san ɗaurin guga zai gane dabarar nan da nan, sai dai inda shi ya ke sa azara su sun sa ƙarfe. An yi tagogi manya manya, don masaƙi ya ga zarensa da hasken rana. An kuma bar ɗakunan falau, ba bango a tsakani, don injuna su sami wuri. Ba wanda ya yi waɗannan abubuwa don tunanin jikoki, don ciniki aka yi su. Amma su ne suka ceci ginin bayan shekara 130.

Da aiki ya kankama, mutum wajen 3,000 ke ciki, da injin saƙa 1,200, suna fid da yadi 30,000 kowace rana. Salt ya gina musu gidaje fiye da 800, da makaranta, da asibiti, da majami'a, da gidaje 45 na tsofaffi marasa ƙarfi. Bai yarda a buɗe gidan giya ko ɗaya ba. Kada dai a ɗauke shi waliyyi: ƙananan yara sun yi aiki a masaƙarsa kamar sauran masaƙun zamanin, ma'aikatansa kuma sun taɓa yi masa yaji.

Ya rasu cikin 1876. Cikin 1892 kamfanin ya karye, bayan Amurka ta ɗora haraji mai nauyi kan yadin da a ke kai mata. Waɗansu suka saya suka farfaɗo da shi, ya yi ta sauya hannu, har yadin ƙasashen waje mai araha ya ci kasuwa. Cikin 1986 aka kashe injuna, aka kwashe su.

Ga gini ya fi ƙarfin kowane mai haya guda, ga shi rushe shi ma sai an kashe kuɗi mai yawa. Cikin 1987 sai wani ɗan kasuwa, haifaffen Bradford, mai suna Jonathan Silver, ya saye shi. Da can kantunan tufafi gare shi, amma ya riga ya ɗanɗana irin wannan aiki, don cikin 1983 shi da wani abokinsa, Ernest Hall, sun sayi wata matacciyar masaƙar darduma a garin Halifax suka zuba mata 'yan haya.

Abin da ya fara yi ya ba mutane mamaki. Bai jira ya gyara ginin duka ba. Ya share babban ɗaki guda a ƙasa, ya rataya zane-zanen David Hockney, wani mashahurin mai zane, shi ma ɗan Bradford, wanda ya sani tun yana ɗan makaranta. Ya sa wa ɗakin suna Zauren 1853, ya buɗe shi cikin shekarar nan da ya sayi ginin, ya ce kowa ya shiga kyauta. Cikin 1989 Hockney ya aiko da wani zane daga Kalifoniya ta na'urar fakis, takarda 144, ana karɓa ana mannawa a bango gaban jama'a har hoton ya haɗu. Jaridu suka ɗauka, mutane suka yi ta zuwa kallo.

Mai karatu zai ce, to, in shiga kyauta ce, ina riba? Ribar tana wajen haya. Ginin da mutane ke shiga suna fita kullum ya daina zama kufai a idon 'yan kasuwa. Wajen 1990 kamfanin Pace, mai ƙera akwatunan kama tashoshin talabijin daga tauraron ɗan Adam, ya kama haya mai faɗi a ciki, ya ɗauki ɗaruruwan ma'aikata. Ɗakunan nan da aka yi falau don injin saƙa sun karɓi teburan haɗa na'ura ba tare da an fasa bango ba. Daga baya aka buɗe kantin littattafai, da gidan cin abinci, da waɗansu kantuna. Kuɗin da ya shigo daga sashe guda shi a ke gyara na gaba da shi. Ɗaya masaƙar da Salt ya ƙara a ƙetaren hanyar ruwa cikin 1868 ita kuma aka mai da ta ofisoshin ma'aikatan lafiya da gidajen kwana.

Wani abin lura kuma, ba a yi wa ginin kwalliyar da za ta ɓad da kamanninsa ba. Ginshiƙan ƙarfe da bakan tubali an bar su a fili, kowa na gani. Dogon ɗakin da ke ƙarƙashin rufi an bar shi kusan yadda masu kaɗi suka tafi suka bar shi, sai lokaci lokaci a buɗe shi don nuni. A ganinmu wannan hikima ce biyu a haɗe: an rage kashe kuɗi, kuma abin da baƙo ya zo gani ke nan.

Silver ya rasu cikin 1997 yana da shekara 47, iyalinsa suka ci gaba da riƙon ginin. Cikin 2001 hukumar UNESCO ta sa Saltaire, masaƙa da ƙauyen duka, cikin wuraren tarihi na duniya.

Ba za mu ce abin da ya yiwu can lalle ya yiwu ko'ina ba. Saltaire na kusa da manyan birane biyu, Bradford da Leeds, an kuma sake buɗe tasharta ta jirgin ƙasa cikin 1984, bayan an rufe ta tun 1965. Har wa yau a lokacin gyaran ginin na hannun mutum guda mai ikon yanke shawara. Tsohon gidan gurzar auduga ko siton gyaɗa da ke wani garin Hakimi ba zai jawo masu kallon zane ba. Abin da zai jawo watakila masu casar shinkafa ne, da kafintoci, da maɗinka, da ajin yara. Su ma kuwa abin da su ke nema shi ne ɗaki mai faɗi, mai haske, wanda ba ya yoyo.

Saboda haka in akwai irin wannan gini a ƙasarku, sai malamin Hakimi ya je da kansa ya auna tsawo da faɗi, ya duba rufi da magudanar ruwa tun kafin damina, ya rubuta. Ya bincika kuma ko wane ne mai shi a takarda, da ko akwai bashin banki ko haƙƙin tsofaffin ma'aikata a kansa, domin ba mai zuba kuɗinsa a ginin da a ke shari'a a kai. Kafin a warware wannan, sai a roƙi mai ginin ya sa mai gadi, kada a wayi gari an kwashe kwanon rufi da ƙarafan tagogi an kai wa 'yan gwangwan.