Cikar Wata da Sunayen Watanni: Bayani ga Hakimai da Malamansu

Daga tsayuwar wata zuwa tsayuwar mai bi masa kwana 29 ne da rabi, shi ya sa wani watan ya kan yi kwana 29, wani 30. A tsakiyar wannan tafiya ne wata ya ke cika, watau sa'ad da duniya ta ke tsakaninsa da rana, har fuskarsa duka ta sami haske, gama wata ba shi da hasken kansa, na rana ya ke arowa. A daren cikarsa ya kan ɓullo daga gabas daidai faɗuwar rana, ya kwana yana tafiya, ba ya faɗuwa sai asuba. Wanda ya hau Dala ko Gwauron Dutse da magariba a ranar zai ga rana tana nutsewa a yamma, wata kuwa yana tasowa ta wajen Fagge. Hausawa suna kiransa wata ɗan daren sha huɗu, Larabawa su ce Badaru, da shi kuma a ke misalta kyakkyawar fuska. Daga nan kullum sai ya riƙa jinkirin fitowa da misalin minti 50, har a koma duhun wata.

Mutanen waɗansu ƙasashe sun raɗa wa kowace cikar wata suna nata. A Amurka ta Janairu sunanta watan kyarkeci, ta Fabrairu watan ƙanƙara, wadda ta fi kusa da 23 ga Satumba watan girbi, mai bi mata kuma watan mafarauta. Waɗansu sunayen daga kabilun asalin ƙasar a ka samo su, waɗansu daga Turai, littattafan kalandar manoma su ka yaɗa su. Dukansu da yanayin shekara a ka ɗaure su: duk wanda ya ji watan girbi ya san kaka ce. A ƙasar Hausa abin ya sha bamban. Watan ne sukutum a ke ba suna, sunan kuwa daga ibada ko al'adar da a ke yi a cikinsa ya ke fitowa, ba ruwansa da damina ko rani. Wannan bambanci shi ne abin da ya kamata malamin Hakimi ya riƙe, domin yana taɓa aikinsa na rubutu kowace rana.

Muharram shi ne watan cika-ciki. A daren Ashura, 10 ga wata, kowane gida a kan yi tuwo mai yawa, a fito da abin da a ka ajiye na ragon layya, a ci a ƙoshi, da fatan yadda a ka shiga shekara da ƙoshi haka za a fita. A cikinsa ne kuma taubasai da sauran abokan wasa su ke bin juna kuɗin shara. Rabi'ul Awwal watan Mauludi ne, a Daura su ce watan Gani, saboda Sallar Gani da a ke yi can 12 ga wata. Kanawa kuwa da Takutaha su ka san shi, 19 ga wata, ranar sunan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ranar da yara da 'yan mata su ke cin ado su hau Dala. Rajab a ke kira watan azumin tsofaffi, don dattawa sun saba yin azumin nafila a cikinsa. Yana kuma cikin watanni huɗu masu alfarma, tare da Zulƙida da Zulhajji da Muharram. Sauran sanannu ne: watan azumi, watan ƙaramar salla, watan babbar salla. Sunayen sun shiga har cikin na mutane, ga su Azumi da Ɗan'azumi, da Tasalla da Sallau.

In a ka duba da kyau za a ga yawancin waɗannan ranaku gab da cikar wata su ke faɗowa: 10 ga Muharram, 12 ga Rabi'ul Awwal, 10 ga Zulhajji. Tashe ma sai azumi ya kwana 10 a ke farawa, lokacin da farin wata ya ke haska lungunan birni tun daga shan ruwa, har Nalako ya fito farautar gwagware. Kafin zuwan lantarki hasken nan shi ne fitilar talaka. Da shi 'yan mata su ke gaɗa a dandali, samari su yi langa, matafiya su yi sammakon dare. Shi ya sa a ke masa kirari da farin wata sha kallo. Daren da ya dace da cikar sosai shi ne na Nisfu Sha'aban, wanda jama'a da yawa su ke rayawa da addu'a. Akwai kuma kwanaki farare, 13 da 14 da 15 na kowane wata, da waɗansu su ke azumta, ko da ya ke a littattafan Malikiyya an ƙi a mai da su ƙa'ida. Wannan magana ta malamai ce, su za a tambaya.

To, ga inda lissafi ya ke shigowa. Wata 12 kwana 354 ne ko 355, shekarar rana kuwa 365, watau akwai ratar kwana 11 ko kusa. Mutanen Sin da Yahudawa su kan cike ratar da ƙarin wata guda bayan 'yan shekaru, don haka bukukuwansu ba sa barin lokacinsu. Musulunci ya hana wannan ƙari, kuma a kan haka a ka tsara lissafin Hijira a zamanin Sayyidina Umar, a na ƙirgawa daga shekarar 622 ta Miladiyya. Saboda haka kowane wata yana kewaya dukan yanayin shekara cikin misalin shekara 33. An ɗauki azumi a ƙarshen Nuwamba 2000, cikin hunturu. A 2015 an ɗauka 18 ga Yuni, da damina. A 2024 kuwa 11 ga Maris, zafi na kamawa. Bisa lissafi, azumi zai zo sau biyu cikin 2030, a farkonta da ƙarshenta.

Ashe ke nan in shaida ya ce an sayar da gona a watan cika-ciki, bai faɗi kome ba game da ko akwai shuka a cikinta, sai an san shekarar. In tsoho ya ce ya ga azumi 66, a lissafin asibiti da ofishin fansho shekararsa 64. Rigimar gado da ta iyakar gona sau da yawa daga irin wannan rubutu mai rabi su ke tasowa, bayan waɗanda su ka san asalin maganar sun ƙaura. Manomi ma ba ya shuka da sunan wata. Yana duban ruwa da iska, malaman hisabi kuwa suna bin taurari 28, kowane da kwana 13, ɗaya da 14, jimla 365. Nasara da Ɗarfa da Jabha suna cikin na damina. Hakimin da zai yi shelar aikin gona ko rigakafin dabbobi, da wannan lissafi ko da na Miladiyya ya kamata ya yi.

Lalle ne malami ya rubuta kwanan wata biyu a kan kowace takarda, kowane da shekararsa, kamar yadda a ke cewa Turawa sun ci Kano 3 ga Fabrairu 1903, cikin Zulƙida 1320. Ya tuna kuma a lissafin Hijira dare ne ya ke gaba da yini. Daren Juma'a shi ne wanda ya ke shiga da faɗuwar ranar Alhamis, daren sha huɗu kuma yana biye da yinin 13. Haihuwa ko rasuwa da ta auku bayan magariba ta shiga sabon kwanan Hijira, alhali na Miladiyya ba ya juyawa sai ƙarfe 12 na dare.

Game da tsayuwar wata, Mai alfarma Sarkin Musulmi ne a Sakkwato ya ke sanarwa, kuma fadarsa ta kan umurci wanda ya ga jinjiri ya kai labari ga Hakimi ko Dagaci mafi kusa. Nauyi ne babba: a tambayi mai shaida inda ya tsaya, da lokacin, da wanda ya ke tare da shi, sa'an nan a aika ba da jinkiri ba. Akwai masu zama su jira tsakiyar wata, in ba su ga ya cika daidai daren sha huɗu ba su ce an yi kuskuren gani. Wannan ba hujja ba ce. Tafiyar wata ba ta da sauri ɗaya, wani lokaci yana kusa da duniya yana gaggawa, wani lokaci yana nesa yana nawa, don haka cikar ta kan gabata ko ta jinkirta da kwana guda.

Husufin wata ma sai a cikarsa ya ke aukuwa, in inuwar duniya ta faɗa masa. A kan ce rana ta kama wata, yara su fito da gwangwani suna kiɗa wai ta sake shi. Abin da shari'a ta koyar salla ce da addu'a, ta kuma bayyana husufi ba ya aukuwa don mutuwar wani ko haihuwarsa. Wanda ya auku a daren 27 ga Yuli 2018, tsakiyar Zulƙida 1439, inda wata ya yi ja wur har sa'a 1 da minti 43, masana taurari sun faɗi ranarsa da mintinsa tun shekaru kafin ya zo. In irin wannan sanarwa ta iso, sai Hakimi ya sa masu unguwanni su gaya wa jama'a tun da rana.