Mai Bindiga da Maƙwabcinsa

Ya kai mai karatu, wataƙila kana zaune a gidan haya, inda ɗakuna su ke jere, bango ɗaya ne ya raba shimfiɗarka da ta maƙwabcinka. Ɓarayi sun yi yawa, har ka soma tunanin ajiye bindiga domin tsaron iyalinka. Tsaron iyali ba laifi ba ne. Amma ka auna wannan tukuna.

Harsashi ba ya tsayawa inda ɗakinka ya ƙare. Katangar ƙasa mai kauri, irin ta kakanninmu, ta kan tare shi sau da yawa. Amma ƙofar katako, da taga, da kwanon rufi, da falankin da a ke raba ɗaki biyu da shi, ba kome ba ne gare shi. Ko bulon siminti, da shi ke cikinsa kogo ne, harsashin babbar bindiga ya kan huda shi. Wanda ya yi harbi da dare kuwa, barci bai sake shi ba, hannunsa yana rawa. Idan ya kuskure ɓarawo, wa ke kwance bayan bangon nan?

Wannan ya faru a ƙasar Amurka. A shekara ta 2020, a birnin Louisville, 'yan sanda suka fasa ƙofar wani gida da tsakar dare. Mutumin da ke ciki ya zaci ɓarayi ne, ya yi harbi sau ɗaya. Suka mayar da wuta, suka kashe Breonna Taylor, mace wadda ba ta riƙe da makami. Waɗansu harsasai suka ratsa har ɗakin maƙwabta, inda akwai mace mai ciki da ƙaramin yaro. Allah ya kiyaye waɗannan. Amma dubi yadda harbi ɗaya cikin duhu ya jawo mutuwa.

Cikin Kubawar Shari'a, sura 22, an umurci mai gina sabon gida ya yi wa soronsa rawani, domin kada wani ya faɗo, alhakin jini ya hau kan gidan. Ka lura, ba wanda ya tura mutumin. Sakacin mai gida shi ne laifin. Hakanan mai bi ba shi da ikon cewa, "Ai ba shi na nufa ba." Tun ran da ya shigo da bindiga, ran maƙwabci ya zama amana a hannunsa, ko maƙwabcin nan Kirista ne, ko Musulmi, ko wanda su ke gaba da shi.

Akwai kuma hukuma. A Nijeriya, dokar makamai ta 1959 ta hana riƙe bindiga sai da lasisi. Mai bi ba ya ɓoye makami a bayan doka.

Idan kuwa kana da ita bisa ƙa'ida, kada ka bar ta a ɗure. Bindigar gargajiya ta fi mugun hali a nan, gama da wuya a sauke ɗurinta, sai mutane su rataye ta haka, yara suna kallo. Ka kulle ta cikin akwati, albarushi da harsashi a wani wuri dabam. Kada ka harbi motsi ko ƙara. Wataƙila ɗanka ne ya fita fitsari. Kada ka yi harbi sama, gama abin da ya hau zai sauko bisa rufin wani.

A ganina, sakata mai ƙarfi, da fitila a tsakar gida, da usur a kowane ɗaki sun fi bindiga amfani a gidan haya. Ku taru, ku masu ɗakuna, ku shirya alamar da za ku yi idan an ji ɓarawo, da wanda zai kira 'yan sanda. Ka tambayi maƙwabcinka kuma ta wane gefen bango 'ya'yansa su ke kwana.