Darasin Lafiya: Kada Mu Kwana da Yaro Mai Ciwo Mai Tsanani

'Yan'uwa, a ziyarar da muke kai wa ikkilisiyoyin ƙauye daga nan Kaduna, akwai labarin da muke yawan ji. Jariri ya ƙi nono da yamma, aka ce bari gari ya waye. Da safe aka sayo magani a kemis. A rana ta uku aka nemi mota, amma kafin a iso Kawo rai ya yi halinsa. Sau da yawa jinkiri ne ya kashe yaron, domin ciwon yana da magani.

Yadda cutar take shiga

Ƙwayoyin cuta sukan shiga jikin jariri ta cibiya, ta fata ko ta huhu, daga nan su bi jini. Jaririn da bai kai wata biyu ba, jikinsa bai yi ƙarfin yaƙi da su ba, don haka yini ɗaya ya isa ciwon ya ci ƙarfinsa.

Alamun haɗari

- Ya ƙi kama nono, ko yana amayar da duk abin da ya sha.
- Yana jijjiga.
- Jiki ya yi zafi sosai, ko ya yi sanyi ƙalau.
- Ba ya motsi sai an taɓa shi.
- Ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa idan ya ja numfashi.
- Yana numfashi da sauri.

Mu koyi ƙirga numfashi. Mu bari yaro ya natsu, mu buɗe ƙirjinsa, mu ƙirga na minti ɗaya cur da agogo ko waya. Numfashi ya yi sauri idan ya kai 60 ga jariri ƙasa da wata 2, ko 50 daga wata 2 zuwa 11, ko 40 daga shekara 1 zuwa 5. Ko alama ɗaya muka gani, a tashi a ranar, ko da ba a yi suna ba tukuna.

Magani

Wurin da ya fi dacewa shi ne asibitin da za a kwantar da yaron a yi masa allurai, kamar Babban Asibitin Kawo ko Asibitin Koyarwa na Barau Dikko. A hanya uwa ta manna jaririn a ƙirjinta, fata da fata, ta rufe shi da zane, ta ci gaba da ba shi nono idan zai iya sha. Kada a ɗura wa yaro mai jijjiga komai a baki.

To, idan zuwa babban asibiti ya gagara fa? An yi bincike a kan wannan a Zariya, Ibadan da Ile-Ife, da kuma Kenya da Kwango. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince cewa ma'aikacin lafiya da aka horar zai iya yi wa jarirai da yawa magani a ƙaramin asibiti, da allurar gentamicin da kuma amoxicillin na sha, sau biyu a rana har kwana 7. Amma jaririn da yake jijjiga, ko ya suma, ko ya kasa shan komai, dole ne a kai shi babban asibiti. Kuma a shanye maganin duka. Barin sa don yaro ya ji sauƙi yakan sa ciwon ya dawo da ƙarfi.

Rigakafi

A shafa chlorhexidine a cibiya, ban da toka, man goge baki ko kashin shanu. Kada a kai jariri wurin wanzami a cire masa beli. A cika allurar rigakafi; ta ciwon huhu ta shiga jerin alluran yara a Nijeriya tun 2014.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Idan maigida ba ya nan, wa zai ba uwa izinin tafiya asibiti?
2. Wane mai babur ko mai mota za mu iya tayarwa da tsakar dare?
3. Zumuntar mata za ta iya ajiye ɗan asusun gaggawa don kuɗin mota da magani?

Kafin ku watse, kowace uwa ta gwada ƙirga numfashin yaron da ke bayanta.