Amsoshin Tambayoyinku: Yara Na Son Ganin Sausayar Tumaki, Ni Kuwa Nawa Ba Su Da Ulu

TAMBAYA: Ina da ɗan garken tumaki a gonata ta wajen Rigachikun, ni kuma ina zaune a Unguwar Dosa. Ƙanwata da wasu maƙwabtanta a Malali suna karantar da 'ya'yansu a gida, sun kai yara goma sha biyu. Sun ga bidiyon yadda Turawa ke sausayar tumaki, yanzu sun tasa ni gaba sai in kai su gona su gani da idonsu. Ni kuwa tun da nake ban taɓa aske tunkiya ba. In kama ɗaya in aske musu, ko in ba su haƙuri?

AMSA: Malam, kada ka aske, kada kuma ka ba su haƙuri. Ka kira su su zo. Rashin sausayar nan da kake gani kamar abin kunya, shi ne darasin farko da za ka ba su.

Tumakin duniya iri biyu ne a wannan fanni: masu ulu da masu gashi. Waɗanda yaran suka gani mai yiwuwa Merino ne, waɗanda asalinsu Sifen ne, amma yau Ostareliya ce ta fi shahara da su. Ulunsu ba ya zuba da kansa, girma yake ta yi, don haka dole a sausaye shi aƙalla sau ɗaya a shekara. Gwanin sausaya kan gama da tunkiya guda cikin minti biyu zuwa uku, a samu ulu kilo huɗu ko biyar. Akwai labarin da yara za su so: wani rago mai suna Shrek a ƙasar Niyu Zilan ya gudu ya ɓuya cikin koguna shekara shida. Da aka kama shi a 2004 aka sausaye shi, ulun ya kai kilo 27, fiye da nauyin ɗan shekara bakwai.

Namu kuwa masu gashi ne. Gashin gajere ne, yana kakkaɓewa da kansa, yana kuma kare fata daga zafin rana da cizon ƙwari. In ka aske tunkiyarka don yara su yi kallo, ka cuce ta a banza, gashin ma ba mai sayensa. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. In wani yaro ya tambaya ko babu masu ulu a Afirka ta Yamma, ka ce akwai: tumakin Masina a ƙasar Mali, waɗanda masaƙan Fulani ke saƙa barguna da ulunsu tun kaka da kakanni.

To, me za ka nuna musu? Fara da sanin iri. Sa su bambance 'Yankasa, farare masu baƙin tabo a ido da kunne da baki, waɗanda suka fi yawa a Najeriya. Da Uda mai dogon kunne, wadda gabanta baƙi ko ja ne, bayanta fari, kamar an tsoma rabinta a rini. Da Balami, dogo fari mai gantsararren hanci, wanda aka fi sani da ƙasar Barno. Ka gaya musu a Shika kusa da Zariya akwai cibiyar NAPRI ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda masana suka daɗe suna bincike kan waɗannan dabbobi. Wa ya sani, ƙila cikin yaran wani can zai ƙare.

Sai haƙori, wanda shi ne abin da ba za su manta ba. Ina yaro kawuna ya taɓa kai ni kara. Ya riƙe haɓar wani rago, ya sa babban yatsa ya janye leɓen ƙasa, ya ce in leƙa. Na ce, "Kawu, na sama sun fita!" Duk dillalan wurin suka kwashe da dariya. Ashe tunkiya ba ta da haƙoran gaba a sama, dasashi ne kawai mai tauri. Haƙoran gaban takwas ne, duk a ƙasa suke. Ƙananan na nono ne. Tsakanin shekara ɗaya da ɗaya da rabi manya biyu kan fito a tsakiya, daga nan bibbiyu suna ƙaruwa, har baki ya cika a wajen shekara huɗu. Abin da mai sayen ragon layya ke dubawa ke nan. Buɗe bakin dabbobi uku, ka bar yara su faɗi shekarunsu. Ga lissafi, ga kimiyya, ba allo ba littafi.

Madadin sausaya kuma, ajiye aikin da dama za ka yi har ranar: yanke kofato, cire kaska, ɗura maganin tsutsar ciki. Shimfiɗa buhu ka jera harawa, dusa, kowar wake da kanwa, su taɓa su sansana. Idan tumaki sun kwanta suna tuƙa, sa su yi shiru su kalli wuyan ɗaya, za su ga curin abinci ya hauro. A nan za ka ce musu cikinta ɗaki huɗu ne. Goyon cikin tunkiya kuwa wata biyar ne, sai manyan su lissafa watan da wadda aka yi wa barbara yanzu za ta haihu.

Yanzu ga inda nake so ka fi kula. Ɗaure manyan raguna a turke kafin baƙi su iso. Na taɓa ganin yarinya ta shiga garke da kwanon dusa a ka; kafin a ce kwabo tumaki sun rufe ta, rago ya tunkuye ta ta faɗi. Ba ta ji ciwo ba, amma har aka tashi ba ta sake barin zanin uwarta ba. Saboda haka a zuba abinci a komi tukuna, sannan yara su matso uku-uku, kowane rukuni da babba. A gaya musu tun a bakin shinge: ba gudu, ba ihu, ba a dafa goshin rago, don gayyatar karo ce.

Dabbar da ke da ƙuraje a baki, ko zawo, ko majina, ware ta nesa. Ƙurajen bakin nan suna kama hannun mutum. Mace mai juna biyu kada ta kusanci tunkiyar da ke haihuwa ko wadda ta yi ɓari. A aje buta da sabulu, kowa ya wanke hannu kafin ya ci ko gyaɗa. Kai ma kare dukiyarka: takalmin baƙo na iya kawo cuta, musamman wanda ya biyo ta kasuwar dabbobi irin ta Zangon Tudun Wada. Ka tabbata an yi wa garken rigakafin cutar PPR, wanda cibiyar Vom kusa da Jos ke sarrafawa.

Batun lokaci, hantsi ya fi, awa biyu sun isa, su kama hanyar gida kafin azahar. Ka tuntuɓi mai unguwa kan lafiyar hanya, iyaye kuma su san inda 'ya'yansu suke da wanda ya ɗauke su.

Abu na ƙarshe: idan kana da yaron da ke yi maka kiwo, shi za ka sa gaba ya yi bayani, kai ka koma gefe. Yaran da ke karatu a falo suna bukatar su ga cewa wanda ya san kowace tunkiya da kukanta shi ma malami ne. Ai ya tabbata Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi kiwon tumaki a Makka. In sun koma Malali suna gardama a kan wane rago ne mai haƙori huɗu, to ziyara ta yi. Allah ya sa albarka a garke.