Gyaran Gona Kafin Zuba Iri: Nasiha Ga 'Yata Mai Ciwon Suga



Ranar da kika zo gaishe ni bayan la'asar, na ga yadda kika bi jaririyar maƙwabciyarmu da ido har aka fita da ita. Ba ki ce komai ba, ni ma na yi shiru, don ɗakin cike yake da mutane. Amma shekarun da na yi ina karɓar haihuwa a ƙasar Haɗejiya sun koya mini gane irin wannan shirun. Shekara biyu ke nan da kai ki ɗakin miji, dangi sun fara 'yan tambaye-tambaye, ke kuma kina tsoron ko ciwon sugan da kike fama da shi tun kina yarinya zai hana ki goyo.

Ki kwantar da hankalinki. Naki shi ne nau'i na ɗaya, wanda wata 'yar gaɓa da ke kwance a bayan tumbi takan daina samar da insulin gaba ɗaya, sai a riƙa ba jiki ta allura. Ba shan zaƙi ya jawo miki ba, ba kuma sammu ba ne. Kafin 1921, lokacin da Banting da Best suka gano insulin a birnin Toronto na Kanada, yarinya mai irin ciwonki da wuya ta kai munzalin aure. Yau kuwa mata irinki suna haihuwa lafiya, su shayar, su ga jikokinsu. Yawancin 'ya'yansu ma ba sa gadon ciwon. Abu guda ne nake so ki riƙe: shirin cikinki ba ya farawa ranar da kika ga ɓatan wata, yana farawa ne watanni kafin nan. Tun ran gini ake zane.

Ke 'yar bakin kogi ce, kin san manomin shinkafa a fadamar Auyo ko Kirikasamma ba ya jira sai ruwa ya iso sannan ya nemi fartanya. Tun da rani yake gyaran fili, ya ɗaga kunya, ya tanadi iri. Ya kuma san ruwan nan da ke rayar da shuka shi ne ke kashe ta: in ya yi kaɗan ta bushe, in ya yi yawa ta nutse. Haka suga yake a jinin uwa. Zuciyar jariri da ƙwaƙwalwarsa da lakarsa duk a cikin makonni takwas na farko ake ƙera su, lokacin da mace da yawa ba ta ma tabbatar tana da ciki ba. Idan suga ya yi yawa a wannan ɗan tsakanin, haɗarin ɓari da na tawaya a halittar jariri yakan ƙaru. Idan kuwa an daidaita shi tun kafin cikin ya shiga, haɗarin yakan sauko ya kusanci na sauran mata.

A nan ne al'adarmu ta kunyar cikin fari take iya cutar da ke. Mukan ɓoye ciki sai ya fito, a je awo a wata na biyar ko na shida. Kunya ado ce ga 'ya mace, amma ke ba ki da wannan sararin. Ki je Babban Asibitin Haɗejiya tun yanzu, ki ce wa likita a fili, "Ina neman haihuwa, ina so a shirya ni." In ya ga ya dace ya tura ki Asibitin Koyarwa na Rasheed Shekoni a Dutse ko na Aminu Kano a Kano, kada ki ga nisa.

Akwai gwajin jini da ake kira HbA1c, wanda ke nuna yadda suganki ya kasance a wata biyu zuwa uku da suka wuce. Abin da likitoci ke so kafin ciki shi ne ya sauka ƙasa da kashi 6.5 cikin ɗari, muddin za a kai can ba tare da yawan faɗuwar suga ba. In ya haura kashi 10, sukan ba da shawarar a dakata tukuna. Idan aka ce miki haka, ku zauna da maigidanki ku amince da wata hanyar tazara ta 'yan watanni. Jinkirin da zai kawo ɗa lafiyayye ba asara ba ne.

Ki nemi a rubuta miki folik asid mai ƙarfin miligiram 5, ki fara sha kullum tun kafin ciki har ya cika mako 12, don yana kare lakar jariri. A duba idanunki, a duba ƙodarki. Mu mutanen Haɗejiya ba sai an ba mu labarin ciwon ƙoda ba. Duk maganin da kike sha, ki zuba a leda ki kai wa likita, domin wasu magungunan hawan jini da na rage kitsen jini ba su dace da mai ciki ba, sai an canza su.

Na'urar gwajin nan taki kuwa, ki mai da ita ƙawa. Na san tsinken gwaji ya yi tsada, amma gara a rage kuɗin anko da na atamfa. Ki gwada da asuba kafin ki ci komai, ki gwada bayan abinci, ki gwada kafin barci, ki rubuta a littafi. Abin da ake nema ga mai ciki shi ne ƙasa da 95 da safe, ƙasa da 140 awa guda bayan cin abinci. In ya faɗi ƙasa da 70, kika ji rawar jiki da gumi da jiri, ki sha sukari cokalin shayi uku a ruwa, bayan minti 15 ki sake gwadawa. Kada dabino ko ƙwayar sukari su rabu da jakarki, don a farkon ciki, da laulayi da amai, suga yakan faɗi ba sallama. Daga tsakiyar ciki kuma jiki zai nemi ƙarin insulin, ana haihuwa buƙatar ta sauko. Shi ya sa ba a canza yawan allura da ka, sai da likita.

Ba a ce ki daina cin tuwo ba. A rage malmala ne, a ƙara miya. Allah ya hore mana tarwaɗa da karfasa daga kogin nan, ga wake, ga zogale da rama da kuɓewa. Fura da kunun zaƙi da lemon kwalba su ne ke harba suga sama nan take. Azumi kuwa, addini ya sauƙaƙa wa mara lafiya da mai ciki, likitoci kuma sun yi gargaɗi mai ƙarfi ga mai irin ciwonki in tana da juna biyu. Ki tambayi malami, ki tambayi likita.

Insulin ba ya son zafi, ga shi a watan Afrilu zafin garin nan yakan wuce digiri 40, wuta kuma sai a hankali. In babu firiji, ki tuna dabarar Muhammad Bah Abba, tsohon malamin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jigawa a Dutse, wanda ya sami kyautar Rolex a 2000: tukunya cikin tukunya, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, a rufe da ɗanyen tsumma a inuwa. Ki ƙulle kwalbar a leda don kada ruwa ya taɓa ta. Wadda aka buɗe kuma, kada ta wuce kwana 28. Da damina ta yi nisa, ki tanadi allura da tsinken gwaji na wata guda. Kin ga yadda ambaliyar 2020 da ta 2022 suka yanke hanyoyi, mutane suka koma shiga kwale-kwale.

Akwai wata baiwar Allah da ba zan manta ba. Cikinta wata huɗu, zazzaɓin cizon sauro ya kama ta, ta kasa cin abinci. Aka ce mata allura za ta cutar da jariri, aka jiƙa mata saiwoyi masu ɗaci, ta ajiye insulin kwana biyu. A bayan amalanke aka kawo ta, leɓɓanta sun bushe, tana numfashi sama-sama, bakinta na wani irin ƙamshi kamar na ruɓaɓɓen 'ya'yan itace. Allah ya tashi kafaɗunta, amma cikin bai zauna ba. 'Yata, ko kina amai, ko ba ki ci komai ba, ba a daina insulin. Asibiti ake tafiya. Ki kwana cikin gidan sauro, kuma ki yanke shawara tun yanzu cewa a asibiti za ki haihu, don jaririn mai suga yakan yi girma, shi ma sai an duba sugansa da zarar ya faɗo.

Kai kuma surukina, wannan noman naku ne ku biyu. Ka koyi alamun faɗuwar suga, ka raka ta asibiti, ka tsaya tsakaninta da gorin dangi. In haihuwar ta yi jinkiri, kai ma ka bari a gwada ka, don matsalar ba kullum daga mace take ba.

Haihuwa kyauta ce daga Allah, shi ke bayarwa a lokacin da ya so. Namu shi ne addu'a da riƙo da sababi. Kada ki bari makon nan ya ƙare ba ki ɗauki katinki kin ga likita ba. In kina jin nauyi, ki biyo ta gidana mu tafi tare. Allah ya ba ki zuri'a ɗayyiba, ya sauke ki lafiya, ya nuna mini ranar suna.